Farin Keken Baba Danja

A hawa na huɗu na sauke keken daga kafaɗata na tsaya ina haki. Tayar gaba ta lanƙwashe, ba ta juyawa, dole sai ɗauka, ga matakalar gidanmu da ƙunci, duk kwanar da na sha sai kan keken ya karci bango. Saura hawa biyu. Na goge gumi da hannun riga na sake saɓa shi.

Ƙofar Anti Ramlatu tana kallon tawa, taku uku ne tsakani. Na yi sallama. Tun da ta shiga takaba ta bayan ƙofa muke magana, takan ɗan sassauta ta ne kawai yadda murya za ta wuce.

"Ghali ne? Me nake ji yana ƙara?"

"Keken Baba ne, Anti. Yau 'yan sanda suka sake shi."

Ta matso dab da ƙofar.

"Da jini a jiki?"

"Babu. Ruwan sama ya wanke."

"Kada ka shigo min da shi. Kai wa abokinsa na ƙasa, tsohon nan mai gyara. Ya fi mu sanin abin da ake yi da keke."

Haka na juya na sauka da shi hawa shida ba musu. Da ta ce in hau in sauka sau goma ma da na yi, domin akwai abin da na yi wa matar nan wanda a lokacin nake ganin ba ta sani ba.

Mijinta, Baba Sha'aban, mutumin Fagge ne. Kafin ya zo Guangzhou ta ƙasar Sin gyaran keke yake yi, har wani ɗan'uwansa mai shago a kasuwar Wambai ya jawo shi harkar takalma. Aikinsa shi ne ya zaga shagunan Zhanxi Lu ya sayo wa kastomomin Kano takalma, ya duba su ƙafa-ƙafa, ya kai wa masu kago su tura gida. Shekararsa goma sha ɗaya a nan. Matarsa ta biyo shi shekara uku da suka wuce, suka bar 'yarsu Firdausi tana karatu a gida. Ni kuwa karatu ya kawo ni, da na gama sai na maƙale ina yi wa 'yan kasuwa tafinta, shi ya sa duk takardar da aka rubuta da Sinanci a benenmu ƙofata take fara zuwa.

Kowa a unguwarmu ta Sanyuanli ya koma babur mai caji, shi kaɗai ya tsaya a kan baƙin kekensa mai kariya da ƙararrawa. Kuma mutumin nan ba ya ƙetare jar danja. Ko titi fayau yake, ko rana tana dukan ƙeyarsa, sai ya sauke ƙafa ɗaya ya tsaya, masu kai abinci suna ratsa shi ta hagu da dama suna yi masa ham. Daga nan muka sa masa Baba Danja. Na sha tsokanarsa.

"Baba, ba kowa fa. Ko kare ba ya tahowa."

"Ghali, ni baƙo ne a ƙasar mutane. In ɗan gari ya ƙetare, ɗan gari ne. In na ƙetare, baƙar fata ne ya ƙetare. Minti ɗaya ba zai hana ni arziki ba."

Abokinsa ɗaya a cikin 'yan ƙasa shi ne tsoho Chen, mai rumfar gyaran keke a bakin lungunmu. Sinancin Baba bai wuce gaisuwa da ciniki ba, Chen kuma ko Turanci ba ya ji, amma sukan yi awa guda a tsugune gaban taya ɗaya suna miƙa wa juna sifana, kowa yana gyaɗa kai. Na taɓa tsayawa in yi musu tafinta, suka kore ni.

Ranar wata Asabar a watan Yuni, da misalin bakwai da rabi na safe, ana yayyafi, ya fita zuwa Zhanxi. A mahaɗar da ke bayan lungunmu, wadda bishiyoyin mangwaro suka yi wa layi, wata ƙaramar motar kaya ta ɗauke shi. Ina shan shayi aka kira ni. Kafin in isa asibiti ya cika. Ni na hau hawa shidan nan na faɗa wa matarsa. Ta ce innalillahi sau uku, ta zauna a ƙasa, sannan ta tambaye ni ko ya ci ƙosan da ta ƙunsa masa.

A gida da kafin la'asar an kai shi. A nan kwana tara ya yi a ɗakin ajiyar gawa, ana bincike, ana neman izinin binne baƙo. Kwana taran nan sun fi mutuwar kanta dukan mu. Kullum 'yan'uwansa suna kira daga Kano, tambayarsu ɗaya, an kai shi? Anti Ramlatu ta daina cin abinci. Alhaji Maidaji, shugabanmu na Hausawan nan, ya zaga ofis-ofis har ƙafarsa ta kumbura, ni ina biye da shi ina juya magana. A ɗaya daga cikin zagayen nan na ga direban, a zaune kan benci a ofishin 'yan sandan hanya. Siriri ne, ba zai girme ni ba, yana da tabo a haɓa. Wani mutumin kamfaninsu mai jaka shi ke magana a madadinsa. Bai ɗago ya dube mu ba ko sau ɗaya.

Ranar Litinin, kwana na tara, abu biyu suka fito tare, izinin binnewa da takardar hukuncin hatsari. Ni na sa hannu na karɓa a matsayin wakilinta. A bakin ofishin na karanta. Kyamarar mahaɗar, in ji takardar, reshen bishiya ya kare ta, ba ta nuna fitila ba. Direba ya ce danjarsa koriya ce. Ba wani shaida. Saboda haka mai keke ne ya shiga titi a kan ja, kuma kaso mafi girma na laifi nasa ne. A can ƙasa, kusa da jan hatimi, akwai layi ɗaya da ke cewa wanda bai gamsu ba yana da kwana uku ya nemi a sake duba maganar.

Na karanta layin. Ina so a san wannan, domin daga baya na yi ta ƙoƙarin shawo kan kaina cewa ban gan shi ba. Na gan shi sarai, har na faɗa wa Alhaji Maidaji.

"Kwana uku daga yaushe?"

"Daga gobe, Alhaji."

"Gobe jana'iza. Ka je ka sami matar da ta yi kwana tara tana jiran a rufe mijinta, ka ce mata shi ne mai laifi, ta zo ta sa hannu? Haba Ghali. Ina tarbiyyarka? Bari a share makoki. In an yi sadakar uku sai mu je mu ba su haƙuri, mu ce rasuwa aka yi. Ai su ma mutane ne."

Maganar ta yi min daɗi, shi ya sa na karɓe ta. Shekarata takwas a ƙasar nan, na san ofishinsu ba ya jin a yi haƙuri. Amma ina tsoron ƙofar nan, ina tsoron in buɗe baki in ce mata Baba Danja ya ƙetare ja. Na ninke takardar na sa a aljihun farar shaddata.

Da ita a aljihu na yi masa salla ranar Talata, da ita na shiga ramin na karɓe shi, a maƙabartar Musulmi da ke bayan gari. Talata, Laraba, Alhamis muna zaman makoki. Maza a ɗakina a kan kwalayen takalma da muka shimfiɗa, mata a wajenta. Aka yi ta shigowa daga kasuwar Canaan da unguwar Xiaobei, 'yan Kano, 'yan Maraɗi, 'yan Kumasi, kowa da Allah ya jiƙansa, kwana ne ya ƙare. Ranar Alhamis Habsatou, wata 'yar Damagaram da ke hawa na uku, ta soya waina aka raba.

Da safiyar Juma'a muka je ni da Alhaji. Ya sa babbar riga, ya tsara jawabinsa tun a mota. Matar da ke bayan gilashi ta dubi kwanan watan, ta dubi kalanda, ta turo mana takardar.

"Jiya ya wuce."

Na juya mata jawabin Alhaji kaf, rasuwa, al'ada, matar da ba ta fita. Ta saurara har ƙarshe, ba ta yi mana wulaƙanci ba. Ta ce ta ji, kuma ta tausaya, amma jiya ya wuce. Wani lauya da muka gani daga baya ya ce akwai kotu, sai dai maganar za ta kai shekara, kuma sai da sabon shaida. Bizar Anti Ramlatu a jingine take da ta mijinta, wata biyu suka rage mata.

Da yamma na tsaya a ƙofarta na karanta mata takardar da Hausa. Na karanta komai, na tsallake layin ƙarshe.

"Ya ƙetare ja," ta maimaita. "Baban Firdausi."

"Haka suka rubuta, Anti."

"Ba inda za a kai ƙara?"

"Babu. Haka dokarsu take, in sun buga hatimi shi ke nan."

"To shi direban fa?"

"Tunda laifin ba nasa ba ne mai yawa, ba za a ɗaure shi ba. Kamfani zai ba da wani abu."

"Ban tambaye ka abin da za a bayar ba. Zai zo?"

"Ya zo ina?"

"Nan. Ya ce ya kashe min miji, in yafe masa. Wallahi Ghali tun ranar farko na shirya yafewa. Na san ba da gangan ya yi ba. Amma ya zan yafe wa wanda takarda ta ce bai yi komai ba? Kuma wannan takardar zan kai wa Firdausi? In kai wa tsohuwarsa in ce ɗanki ne ya jefa kansa gaban mota?"

Ta miƙo hannu ta tsakanin ƙofa ta karɓi takardar. Na shiga ɗakina na zauna a kan kwalayen makoki da ban kwashe ba, na ji na tsani kaina.

Sati biyu bayan nan ne aka saki keken, na hau da shi, na sauko da shi, na ajiye a gaban tsoho Chen. Ya daɗe yana kallon tayar. Ya shafa sirdin, ya buga ƙararrawar sau ɗaya, tana aiki.

Bayan kwana uku ina wucewa ta mahaɗar sai na ga keken. Chen ya shafe shi da farin fenti gaba ɗaya, tayoyi, sarƙa, sirdi, har ƙararrawar. Ya ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo a jikin ƙarfen gefen titi, daidai inda Baba yake sauke ƙafa. Tayar gaban ya bar ta a lanƙwashe. A kwandon ya sa fararen furanni da lemo guda uku. Na ɗaga kai na ga an sare reshen mangwaron da ya kare kyamara, sabon sara, har yana ɗigar da ƙaro.

Kafin azahar hoton ya zaga wayoyin mutanenmu. Bayan la'asar sai ga Alhaji Maidaji a hawa na shida yana numfashi sama-sama.

"Hajiya, Allah ya ƙara haƙuri. Abin nan da aka kafa a titi ba namu ba ne. Fure da lemo, gobe kuma a kunna masa turare a rusuna. Malam Sha'aban mai salla ne. Addu'a yake buƙata."

"Gaskiya ne, Alhaji," in ji ta daga bayan ƙofa. "Ba namu ba ne. Amma tsohon nan shi kaɗai ne a garin nan ya fito fili ya ce an kashe mutum a wurin. Ba zan aika a ce ya cire ba."

"To a bar lemo a kan titi da sunan mamaci?"

"A'a. Ghali, kana nan?"

"Ina nan, Anti."

"A ƙofar gidanmu a Fagge, da mahaifina ya rasu, randa aka kafa da moɗa, duk mai wucewa ya sha. A nan ban ga randa ba. Ɗauki babbar kular nan shuɗiya mai famfo. Kariyar keken tana da ƙarfi, buhun takalma take ɗauka. Ka ɗaure ta a kai, ka riƙa cika ta kullum. Ka roƙi tsohon ya bar furensa in yana so, lemon dai ya ba wa masu shara. Alhaji, sadakar ruwa tamu ce ko ba tamu ba ce?"

Alhaji ya yi gyaran murya ya ce tamu ce. Ya sauka yana riƙe da bango.

Haka na sami aikin safe. Ƙarfe bakwai ina wurin da jarka biyu da ƙanƙara da ledar kofunan takarda. Na rubuta a kwali da Sinanci cewa ruwan sha ne kyauta. Kwana biyun farko ba wanda ya taɓa, sai kallo, wasu ma su kauce. A rana ta uku wata mai shara ta cika gorarta. Daga nan masu kai abinci suka gane, ga zafin Yuli mai sa riga ta manne a baya. Su tsaya a jar danja, su miƙo hannu su tsiyaya, su ce shiyeshiye, wato na gode, su wuce. Wasu da ba sa tsayawa da, yanzu ƙishirwa tana tsayar da su. Sau biyu masu kula da tsabtar titi suna zuwa su ce a kwashe, sau biyu Chen yana fitowa da sifana a hannu ya yi ta zazzaga musu Kantonanci, yaren garin, har su gaji su tafi.

Kullum in na dawo sai ta tambaye ni ta bayan ƙofa.

"An sha?"

"An sha, Anti. Har ta ƙare."

"Shi fa direban, ya biyo?"

"Bai biyo ba."

"In ya biyo ka ba shi ruwa. Sannan ka tambaye shi kalar danjarsa. Ita kaɗai nake so."

Ni ban yi zaton zai biyo ba. Sai wata Laraba a farkon Agusta, ina cikin juye jarka ta biyu, danja ta ba da ja, wata farar motar kaya ta tsaya a sahun gaba, dab da keken. Gilashin a sauke yake. Na ga tabon haɓar. Jarkar ta kusa suɓuce min. Lambobin ƙidayar daƙiƙa na jikin danjar suka fara sauka daga hamsin.

Na tsiyayi kofi na je na miƙa masa. Ya dube ni, bai gane ni ba.

"Nawa?"

"Kyauta ne. Na mai keken nan ne."

Ya juya ya dubi keken, ya dubi tayar. Ya karɓi kofin, ina jin don bai san yadda zai ƙi ba ne.

"Matarsa ta aiko ni da tambaya ɗaya," na ce masa. "Ba ɗan sanda, ba kotu. Ranar nan, wace kala ce danjarka?"

"An riga an rubuta."

"Na karanta. Kai nake tambaya."

Talatin. Ashirin da tara. Ya ƙura wa sitiyari ido. Wani mai babur ya tsaya a bayana yana tsiyayar ruwa, ina jin ƙarar famfon.

"Ina da yara biyu," in ji shi.

"Shi ma yana da 'ya."

Goma sha biyu. Goma sha ɗaya. Na riga na fidda rai, sai ya yi magana ƙasa-ƙasa, bai dube ni ba.

"Ban duba ba. Laoban ne, maigidana, ya kira, wayar ta faɗo ƙarƙashin ƙafata, na sunkuya. Da na ɗago yana kan gilashi. Ban san kalarta ba."

Danja ta ba da kore, na baya suka danna ham. Ya ɗora kofin a gaban motar bai sha ba, ya ja. Na tsaya a titi har wani ya zage ni. Wayata tana aljihu, ban tuna in ɗauki muryarsa da ita ba sai da motar ta ɓace.

Ban san yadda na hau hawa shidan ba. Na faɗa mata kalma-kalma, yadda ya faɗa. Na ji ta jingina da ƙofar, ƙofar ta ɗan motsa. Ta yi kuka, irin wanda ban ji ta yi ba ko ranar jana'iza, ni kuma ina tsaye ina kallon takalman Baba da har yanzu ke ajiye a bakin ƙofa. Da ta lafa ta ce, "Alhamdulillahi. Na san Baban Firdausi."

A nan ya kamata in juya in shiga ɗakina. Na kasa.

"Anti, akwai wata magana."

"Ina ji."

"Takardar nan. Akwai layin da ban karanta miki ba. An ba mu kwana uku mu nemi a sake dubawa. Tana aljihuna duk kwanakin makoki. Na sani, na yi shiru, har lokacin ya wuce. Sannan na zo na ce miki babu inda za a kai ƙara. Ƙarya na yi miki."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun satin da ka kawo ta. Habsatou ta ɗora wayarta a kai, wayar ta juya mata da Faransanci, ta karanta min har ƙasa."

"Me ya hana ki yi min magana, Anti? Kullum ina ƙofar nan."

"Mutum biyu nake jira su zo ƙofar nan, Ghali. Na ga alama ɗayan ba zai zo ba."

Na tsuguna a kan siminti. Ni da nake juya maganar mutane tun safe har dare, na rasa ta cewa, sai da ƙyar na ce ta yafe min don Allah.

"Da ka kawo min ita ranar Litinin ɗin, da na sa hannu ko a kan makararsa ne. Kun zaci kuka zai hana ni riƙe biro? Kuka zauna ku maza kuka yanke min." Ta ja numfashi. "Na yafe maka. Allah ya yafe mana."

"Shi fa direban?"

"Bai nema ba. In ya sake tsayawa ka ba shi ruwa."

Sai na ji motsi a ƙasa. Ta turo takardar ta ƙarƙashin ƙofa, biro yana biye.

"Juya bayanta. Rubuta abin da ya faɗa maka, da Hausa, yadda Firdausi za ta karanta wa kakarta. Ka sa ranar yau, ka sa sunanka. Layin da ka tsallake ma ka rubuta shi."

Na ɗora takardar a gwiwata na rubuta. Rubutun ya karkace. A gaba jan hatimi yana nan yadda yake, ba abin da ya canza a cikinsa.

Ƙarshen Agusta bizarta ta ƙare, takaba ba ta ƙare ba. Alhaji ya tambayo malamai aka ce lalura ce, ta tafi ta ƙarasa a gida. Ranar ce farkon saukowarta daga benen tun rasuwar. Ni da Habsatou muka raka ta. Na roƙi mai tasi ya bi ta mahaɗar, Allah ya sa danja ta tsayar da mu. Ba ta sauka ba. Ta dubi keken ta gilashi, wani mai kai abinci yana tsaye yana shan kofi na biyu, hular kwanonsa a hannu.

"Ba a gyara tayar ba," in ji ta.

"Tsohon ya ce a bar ta haka, don a gani."

"Da yana nan ba zai iya wucewa ya bar ta ba." Ta gyara hijabinta. "Kada ka bari kular ta bushe."

Ban bari ba. Direban bai sake biyowa ba, ko ya canza hanya ko ya canza aiki. Satumba ta wuce, zafi ya fara sauƙi, masu sha suka ragu amma ba su ƙare ba.

A watan Oktoba, ana saura kwana huɗu a buɗe baje kolin Pazhou, aka bi manyan tituna ana gyara saboda baƙi. Na fito da safe da jarkokina biyu, tun daga tsallake na ga wurin wayam. Ba keke, ba kula, ba kwalin. An wanke daɓen, an jera tukwanen jajayen furanni. Guntun sarƙa kawai ya rage a jikin ƙarfen, da kwaɗon Chen a rufe, da ɗigon farin fenti biyu-uku da ruwa bai fitar ba. Tsohon yana tsaye a wurin, hannayensa a baya, yana kallon ƙasa.

Danja ja ce. Titin fayau, ba mota ko ɗaya daga hagu ko dama. Masu babur suka riƙa ratsa ni suna wucewa, wani har ya goge min jarka. Na ajiye jarkokin a ƙasa na tsaya ina kallon lambobin suna sauka.